Ina shirwar Legas take tafiya da damina? Amsa kan kallon tsuntsaye a bakin teku

Tambaya: "Assalamu alaikum, malam. Ni mutumin Haɗeja ne, aiki ya kawo ni Legas, yau shekara biyu ke nan muna zaune a Ajah, ba nisa da bakin ruwa. Gidan da muke haya yana da ɗan fili a baya, da bishiyar mangwaro ɗaya da gwanda biyu. Na lura cewa da rani shirwa tana cika sama, amma da zarar ruwa ya kankama sai in neme ta in rasa, alhali a gida da damina muka fi ganinta. Yarana kuma sun fara tambayata sunayen tsuntsayen da ke sauka a mangwaron, wasu na sani, wasu ban taɓa gani ba. Me ke kawo wannan sauyi? Me zan yi tsuntsaye su riƙa sauka a gidan? Kuma me ya kamata mu sa ido mu gani a kowane lokaci na shekara?"

Wa alaikumus salam, malam. Tambayarka ta haɗa abu uku: dalilin da ya sa wasu tsuntsaye suke zuwa suna tafiya, yadda za a mayar da bayan gida wurin da za su so sauka, da kuma abin da kowane wata yake kawowa a gaɓar teku. Zan fara da shirwa, domin idan aka gane lamarinta an gane rabin sauran.

Shirwar da ka rasa tana Arewa

Abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma masu nazarin tsuntsaye sun daɗe da rubuta shi. Shirwa mai rawayan baki, wadda ita ce muka saba da ita, tana bin damina ne. Takan sauko kudu idan ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba, ta yi rani a nan, har wasu su yi sheƙa su ƙyanƙyashe, sannan idan ruwan kudu ya yi ƙarfi wajen Mayu sai yawancinsu su nausa Arewa. Dalilin kuwa abinci ne. Farkon damina a ƙasar Hausa lokaci ne na shinge da fara da kwaɗi da ƙadangaru, ga ƙasa a buɗe wadda mai shawagi zai hangi abin da ke motsi daga nesa. A daidai wannan lokaci kudu ta rufe da ganye, sama kuma ta cika da hadari, iska mai ɗumi da shirwa ke hawa ta yi shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba ta yi ƙaranci. Da kaka ta wuce, ciyawar Arewa ta bushe, ƙwari suka ragu, sai ta juyo. Saboda haka kana iya gaya wa yara cewa shirwar da suka daina gani a watan Yuni tana can tana zagaya sararin garin kakanninsu.

Ba ita kaɗai ce mai wannan ɗabi'a ba. Balbela ma tana ƙaruwa a kudu da rani, ta ragu da damina. Cilakowa mai ruwan toka tana yin irin wannan kai da kawowa. Akwai kuma wani kyakkyawan tsuntsu mai cin ƙudan zuma, kore mai farin maƙogwaro da baƙin zane a ido da dogayen gashin jela biyu, wanda yake haihuwa a bakin hamada da damina, a arewacin Najeriya da Nijar da Cadi, sannan ya sauko kurmi daga wajen Nuwamba zuwa Mayu. A Legas za ka gan su jere a kan wayar lantarki, ɗaya ya tashi ya cafke ƙwaro a sama, ya dawo inda ya tashi, ya buga ƙwaron a jikin waya kafin ya haɗiye. Shamuwa kuwa, wadda muka sani da albishirin damina, kada ka sa rai da ita a Ajah, domin idan ta bar ƙasar Hausa gabashi da kudancin Afirka take dosa.

Wani abin da zai taimake ka shi ne sanin cewa shekarar Legas ba irin ta gida ba ce. Mu mun saba da damina ɗaya, daga Yuni zuwa Satumba, da Agusta a tsakiyarta. A nan ruwa yakan fara tun Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi ƙwarai a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, sannan rani ya shigo da ɗan hazon hunturu tsakanin Disamba da Fabrairu. Watan da Bahaushe ya sani da marka shi ne watan da sama take hutawa a Legas. Duk wanda ya zo da lissafin Arewa a kansa sai abubuwa sun rikice masa shekarar farko.

Baƙi daga Turai, da wanda ke zuwa daga kudu

Kai da ka fito daga Haɗeja ba baƙon wannan labari ba ne, domin fadamun Haɗeja da Nguru, da wurin tsuntsaye na Dagona a Jihar Yobe, suna cikin manyan masaukan tsuntsayen da ke ƙetare Sahara idan sanyi ya shiga Turai. Wasu daga cikin waɗannan baƙi a can suke tsayawa, wasu su zarce har teku. Wasu kuma ba sa bi ta hamada sam, gaɓar Atilantika suke bi, ta Maroko da Muritaniya da Senegal, suna yada zango a bakin ruwa har su iso Ghana da Najeriya. Sukan fara bayyana daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, su koma tsakanin Maris da Mayu.

A bayan gida, baƙon da ya fi sauƙin gani shi ne tsattsewar Turai mai jan maƙogwaro da jela mai reshe biyu, wadda take shawagi ƙasa-ƙasa a kan fili da yamma. Yawan da suke zuwa da shi abin mamaki ne: a Boje, cikin Jihar Kuros Riba, akwai wani gangaren dutse mai dogayen ciyawa inda suke taruwa su kwana da yawan da ya kai miliyoyi. Akwai kuma ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da yake tafiya a ƙasa yana kaɗa jela sama da ƙasa, wanda za ka gani a filin ƙwallo ko kusa da ƙafafun shanu. Amma mafi yawan baƙin a bakin ruwa suke, kuma zan zo kansu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne akwai baƙon da ke zuwa daga ɗaya ɓangaren. Wani ƙaramin tsuntsun teku da ake kira Damara tern yana haihuwa a gaɓar Namibiya, idan sanyin can ya shiga sai ya hauro Yammacin Afirka, kuma rairayin bakin tekun Legas yana cikin wuraren da aka san yana sauka, a watannin daminarmu. Ke nan babu wani lokaci na shekara da gaɓar take rasa baƙo.

Bayan gidanka

Yanzu ga abin da za ka yi a gida. Shawarata ta farko ita ce ruwa, kuma na fifita shi a kan hatsi nesa ba kusa ba. Ka nemi kasko mai faɗi marar zurfi, wanda ruwan cikinsa ba zai wuce gaɓar yatsa biyu ba, ka sa dutse ɗaya a tsakiya domin ƙananan tsuntsaye su sami wurin tsayawa. Ka ɗora shi a kan wani abu mai tsayin ƙugu, a inuwa, taku uku ko huɗu daga mangwaron, yadda tsuntsu zai iya tserewa cikin ganye idan shaho ya kawo farmaki, amma kyanwa ba za ta sami inda za ta laɓe ta yi tsalle ba. Lallai ne a zubar da ruwan a wanke kaskon kullum, domin a ɗumin Legas ƙwan sauro yakan zama sauro cikin kusan mako guda, kuma ba ma so neman tsuntsu ya jawo wa yara zazzaɓi. Wannan aiki ne da ya dace a damƙa wa yaran, su riƙa yi da safe kafin makaranta.

Dalilin da ya sa nake jan kunne game da hatsi, abin da ya faru da ni ne. A shekarata ta farko a wani gida da na zauna kusa da bakin ruwa, na riƙa watsa gero a ƙasa kowace safiya kamar yadda ake yi wa tattabaru a gida. Kurciyoyi da gwara suka saba, har sukan jira ni a kan katanga. Kafin wata biyu ɓeraye sun gano wurin, geron da ya kwana a ƙasa mai laima ya fara fumfuna, sannan wata safiya na fito na tarar da gashin kurciya a warwatse ƙarƙashin famfo, kyanwar maƙwabta ta gane lokacin da suke sauka. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ni ne na tara su a inda za a kama su. Tun daga ranar, idan zan ba da hatsi sai ɗan cikin hannu, a kan faranti a sama, da safe kawai, in share abin da ya rage kafin azahar. Kada a ba su burodi ko sauran abinci mai gishiri da mai. Idan kuma kuna kiwon kaji, a raba wurin shan ruwansu da na tsuntsayen daji, kuma a hana yara taɓa mataccen tsuntsu da hannu, saboda murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 kuma take dawowa lokaci zuwa lokaci.

Bishiyoyinka sun fi kowane faranti amfani. Idan gwanda ta nuna, ka bar guda ɗaya a jikin bishiyar. Za ka ga wani tsuntsu mai ruwan ƙasa da duhun kai, wanda shi ne yake fara kuka da asuba tun kafin gari ya waye sosai, ya zo ya huda ta, bayansa kuma wasu su biyo. Furen gwanda da na duk wata shuka mai jan fure yana jawo sha-kauci, ɗan ƙaramin nan mai lanƙwasasshen baki wanda namijinsa yake sheƙi kamar an shafa masa mai idan rana ta haske shi. Idan mai gida ya yarda, ka bar wani lungu da ciyawa ta yi tsawo ta fitar da iri, ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba za su zo a garke. Ka kuma rage fesa maganin ƙwari a filin, domin kusan duk tsuntsun da ke ciyar da 'ya'ya a sheƙa da tsutsa da ƙwari yake ciyar da su, har waɗanda manyansu tsaba suke ci.

Mazauna gida da za ku riƙa gani duk shekara sun haɗa da kurciya, da hankaka, da gwara, da ragon maza wanda kukansa yake kama da ruwa yana fita daga gora, da wani babban tsuntsu mai ruwan toka da doguwar jela da rawayan baki wanda kukansa kamar ƙyalƙyala dariya. Idan akwai kwakwa ko giginya kusa, ka duba siririyar tsattsewar da ke zagaya ta. Wannan da yawunta take manna 'yar sheƙarta a bayan ganyen, ta kuma manna ƙwanta a jikin sheƙar don kada iska ta zubar.

Wanda na fi so yara su zauna su kalla shi ne gado, tsuntsun nan mai saƙa sheƙa, musamman idan ruwa ya fara sauka. Namijin, mai rawayan jiki da baƙin kai da jan ido, yakan sauka a ganyen kwakwa, ya ɗan tsaga gefensa da baki, ya riƙe, ya tashi da shi, sai ganyen ya tsage ya biyo shi kamar zare. Da wannan zaren yake fara ɗaura zobe a ƙarshen reshe, ya tsaya a cikin zoben yana cusa bakin zare ta nan yana jawowa ta can, har ɗaki ya tashi da ƙofarsa tana kallon ƙasa. Idan ya gama sai ya rataya a ƙarƙashi, kai a ƙasa, yana kaɗa fikafikai yana surutu, domin mace ta zo ta duba. Na sha ganin wadda ta shiga ta fito ta yi tafiyarta, bayan kwana kaɗan, da sheƙar ta fara bushewa, ya warware ta da kansa ya sake sabuwa a reshen. Yaron da ya kalli wannan daga farko zuwa ƙarshe da wuya ya sake ɗaga danƙo ya harbi tsuntsu.

Bakin ruwa da lissafin wata

Tunda kuna kusa da ruwa, kada ku tsaya a gida kawai. Abin da ya kamata ka fara koya shi ne cikar teku da janyewarta. Ruwa yana cika ya janye sau biyu a yini da dare, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Cikar ta fi girma, janyewar ma ta fi nisa, a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa idan ya cika, don haka lissafin watan Musulunci da ka riga ka sani zai yi maka aiki a nan. Idan ruwa ya janye ya bar taɓo, a nan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suke kiwo. Lokacin da na fi samun biyan bukata shi ne sa'ad da ruwan ya fara dawowa, domin yana koro su sannu a hankali zuwa inda mutum yake zaune.

Tsakanin Satumba da Afrilu ka nemi wani mai ruwan ƙasa, girman budurwar kaza, da dogon baki lanƙwasasshe zuwa ƙasa, wanda littattafai suke kira whimbrel. A can arewa mai nisa yake haihuwa, ƙasashe irin su Aisilan da Rasha. Ka lura da yadda yake zura bakin nan cikin ramin ƙaguwa, ya jawo ta, ya girgiza ta har ƙafafunta su karye, wani lokaci ya wanke ta a ruwa, sannan ya haɗiye. Kusa da shi za ka ga wani ƙarami mai farin ciki da ba ya daina kaɗa gindi, ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi, ga mai kamun kifi baƙi da fari da yake tsayawa cak a sama yana kaɗa fiffike kafin ya faɗo ruwa da ka. A cikin itatuwan mangurof, waɗanda saiwoyinsu suke tsaye a ruwan gishiri, akwai wani kifi mai idanu a saman kai da yake fitowa kan taɓo yana tsalle, kuma yara ba sa gajiya da kallonsa.

Sauran dabbobi ma suna da lokutansu. Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi kwaɗi sukan cika unguwa da kuka, shinge ya fito ya rufe fitilu, washegari kuma ƙadangaru da tsuntsaye su yi ta wawaso. Wajen ƙarshen damina wata irin kainuwa mai shuɗin fure takan rufe hanyoyin ruwan Legas har jiragen ruwa su kasa wucewa. Baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ta shigo ruwan Badagry a tsakiyar shekarun 1980, kuma takan mutu da rani idan gishiri ya ƙaru a ruwan. Da rani kuma kunkurun teku yakan fito da dare ya haƙa rairayi ya binne ƙwai. Idan Allah ya sa kuka yi kiciɓis da shi, kada a haska shi da fitila, kada a taɓa ƙwan, domin jinsunansa duka suna cikin waɗanda doka ta hana kamawa. Ina kuma roƙonka ka riƙe hannun yara a bakin tekun Legas, igiyar ruwan tana da ja ƙwarai ko a ranar da ta yi kama da ta kwanta.

Ga fita ta musamman, Lekki Conservation Centre ba ta da nisa da ku. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ita ta kafa ta a 1990, faɗinta hekta 78 na kurmi da fadama, da gadar ƙafa da ke rataye a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Ku je da sassafe a ranar aiki, kafin jama'a su yi yawa, kuma ku ɓoye abinci saboda birai.

Littafin rubutu

Kayan aikin ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, amma a ajiye shi a busasshen wuri, a riƙa goge shi bayan an dawo daga teku, domin laima da gishiri suna sa fumfuna ta kama gilashin ta ciki. A kiyaye kuma kada a juya shi wajen gidajen mutane ko wuraren jami'an tsaro. Littafin Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey yana da zanen tsuntsayen yankin, manhajar Merlin ta gane tsuntsaye kuma tana taimakawa a waya, ko da yake ba a rufe ido a karɓi duk abin da ta faɗa.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne ɗan littafi da biro. Ku zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya, misali minti 15 bayan an dawo daga sallar asuba gari ya fara haske, ku rubuta kwanan wata, da yanayin sama, da abin da kuka gani da adadinsa. Wanda ba ku san sunansa ba ku rubuta girmansa idan an kwatanta da gwara ko kurciya ko hankaka, da siffar bakinsa, da abin da yake yi. Najeriya tana da jinsin tsuntsaye fiye da 900, kuma ni kaina ba na yanke hukunci a kan tsuntsun da aka ba ni labarinsa da baki kawai, musamman ƙananan baƙin nan masu ruwan ƙasa da suke kama da juna. Sai na ga hoto ko na ji kuka. Watannin da na ambata ma kimantawa ce daga abin da aka saba gani, ruwa yana iya yin sauri ko jinkiri, tsuntsaye kuma su bi shi. Littafinku ne zai ba ku ranakun unguwarku.

Irin wannan rubutu yana da amfani har a wajen gida. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma mutanen gari masu sha'awa ne suke aika abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Da irin waɗannan bayanai ake gane abin da yake raguwa. Kai shaida ne kan ungulu: da can babu mahautar da za ka je ba ka gan ta ba, yau kuwa yara da yawa sun girma ba su taɓa ganinta ba, kuma tun 2015 aka sa ta cikin jinsunan da ke dab da ƙarewa, saboda guba da farautarta da ake yi don sayar da sassan jikinta. A yankinku kuma cike fadama da yashi don gina gidaje yana cinye wuraren kiwon tsuntsayen ruwa shekara bayan shekara, kuma abin da aka rubuta yau shi ne zai nuna abin da wurin yake da shi kafin a cike.

Shafin farko ku ba shirwa. Ku rubuta ranar ƙarshe da kuka gan ta a wannan damina, ku bar layi a ƙasa domin ranar da ta dawo wajen Oktoba. Idan kana da ɗan'uwa a Haɗeja da zai riƙa duba sama, ka roƙe shi ya rubuta ranar da ta yawaita a can da ranar da ta ragu, sai yara su jera ranakun biyu su ƙirga kwanakin da ke tsakani.